Ina ƙugiyar ta tafi? Tarihin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ daga tafireta zuwa kwamfuta



Duk wanda ya riƙe fitowar ɗan littafin nan namu ta baya ya ga abin da ya same mu a shafi na tara. Ƴar'uwarmu ta rubuta cewa ƙura ta tashi ta rufe kasuwa, amma abin da ya fito a takarda shi ne kura ta tashi ta rufe kasuwa. An yi mako guda ana dariya. Ita kam ba ta yi ba. Da muka bi sawu sai muka tarar daidai ta rubuta a wayarta, ta tura wa mai haɗa shafuka, shi kuma ya sa a kile ya kai wurin bugawa. Can da aka buɗe fayil ɗin, duk inda ƙ yake sai wani ɗan akwati ya tsaya. Mai shagon, don ya taimake mu, ya bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya ya cike su da k. Ba da mugun nufi ya yi ba. Shi a ganinsa ai duk k ne.

Abin ya fi damuna bisa ga sauran, don a lokacin ina fama da irin wannan ciwon a wani aiki da ya fi nauyi. Kawuna, Allah ya jiƙan shi, ya yi shekaru yana aikin yaƙi da jahilci a ƙauyukan Damagaram. Duk inda ya sauka, in dare ya yi sai ya zauna wurin tsofaffi ya rubuta tatsuniyoyi da kacici-kacici da kirarin maƙera da na mahauta. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya samu aka buga mashi su a kwamfutar wani ofis. Bayan rasuwarsa gara ta cinye mafi yawan takardun hannun. Da na je hutu daga Yamai, inda nake karatun kimiyyar harshe, matarsa ta miƙo mani faifan CD a cikin leda, ta ce: "Ɗana, kai ne mai karatun Hausa. Ga wahalar kawunka nan, kada ta tafi a banza." Na ce: "In Allah ya so, Inna, ba za ta tafi ba."

Da na buɗe faifan, ga layin farko da na gani: "Wa]annan su ne tatsuniyoyin }asar Damagaram." Haka abin yake shafi ɗari biyu da ɗoriya. Ɓarawo ya koma ~arawo, ƙoƙo ya koma }o}o. Daga nan na fara tambayar kaina: wai in rubutu ya tashi daga wata na'ura zuwa wata, ina ƙugiyar baƙaƙenmu take tafiya? Da na shiga bincike sai na tarar labarin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Yadda aka samo ƙugiyar

Kakanninmu sun daɗe suna rubuta Hausa da ajami kafin boko ya zo. Da Turawa suka fara rubuta ta da baƙaƙensu, sai suka ci karo da sautukan da ba su da harafi. Wasu suka riƙa ɗiga ɗigo ƙarƙashin b da d da k, wasu suka sa ɗan waƙafi a gefe, wasu kuwa ba su sa komai ba, suka bar mai karatu ya raba baki da baƙi da kansa.

A 1926 aka kafa wata cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan. Ta fitar da ɗan littafi na shawarwarin rubuta harsunan Afirka a 1927, ta sake gyara shi a 1930. Babbar shawararsu ita ce kowane sauti a ba shi harafinsa na kansa, a rage dogaro da ɗigo da alamomi, saboda ɗigo abu ne mai saurin faɗuwa: marubuci ya manta shi, mai ɗab'i ya tsallake shi. Ku riƙe wannan dalilin, don za mu sake haɗuwa da shi. A kan wannan tunani ne aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ ga Hausa a shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke shugabantar hukumar talifi ta Zariya. Littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, su suka sa idon masu karatu ya saba da su.

A nan gidanmu kuwa, lakwal ɗin zamanin mulkin Faransa da Faransanci kaɗai ake yin ta. Sai bayan samun ƴancin kai a 1960 rubutun Hausa na boko ya samu gindin zama, ta hanyar karatun manya. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita baƙaƙen harsuna irin su Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1978 an yi wani taron a Yamai wanda ya fitar da jerin baƙaƙe na bai ɗaya don harsunan Afirka, a 1980 kuma aka zauna a Yamai ɗin dai don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a ƙasar nan. Mu muna rubuta ƴ, ƴan'uwanmu na Najeriya suna rubuta 'y. Ke nan su ƙugiya uku gare su, mu huɗu.

To, masana sun zauna sun yanke. Saura na'ura.

Zamanin tafireta da biro

Tafiretar ofisoshinmu daga Faransa take zuwa. Tana da é da è da ç da à, ba ta da ƙ. Sakatare sai ya buga k, in ya gama shafi ya zare takardar, ya ɗauki biro ya bi ya lanƙwasa wa kowane k kai. In sitansil ne na injin roniyo, a jikinsa ake zana ƙugiyar kafin a juya. Na taɓa riƙe irin waɗannan tsofaffin takardun: rubutun baƙin tawada, ƙugiyar shuɗin biro, wata doguwa wata gajera, zuwa ƙarshen shafi kuma ka ga hannun ya gaji ya fara tsallake.

An yi ƙoƙarin gyara. A 1982 wasu masana biyu, Michael Mann da David Dalby, sun kawo shawarar wata tafireta da suka laƙaba wa sunan Yamai. Don baƙaƙen Afirka su samu wuri, sai suka cire manyan baƙaƙe gaba ɗaya, komai da ƙananan za a rubuta. Shawarar ba ta kama ƙasa ba.

Abin lura a wannan zamanin shi ne ƙugiya a saman takarda kawai take zaune. Injin bai san da ita ba. Ranar da aka ba wani sakataren takardar ya sake bugawa, in bai jin Hausa ko yana sauri, shi ke nan ta tafi. Dalilin da ya sa aka guje wa ɗigo a 1930 ya dawo ya kama ƙugiyar kanta.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani

Nan ne gindin maganar, sai ku ɗan daure, ban ce ku ɗaure ba. Idan ka danna k, abin da kwamfuta ke ajiyewa lamba ce, 107. Siffar da kake gani a allo kuwa daga wani wuri take zuwa, daga zubin baƙaƙe, abin da muke kira polis. Lambar ita ce mutum, polis riga ce.

Tsarin lambobin da aka fara yarda da shi, ASCII, a Amurka aka yi shi a 1963, gurbi 128 gare shi, daidai buƙatar Ingilishi. Daga baya aka faɗaɗa zuwa 256, Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci suka samu wurin baƙaƙensu. Namu huɗun ba su samu ba. Ga shi kuma kowace manhajar rubutu da irin yadda take ajiye fayil ɗinta: WordStar daban, WordPerfect daban, Word da ya fito a 1983 daban. Wanda ya rubuta da ɗaya, in ya kai wa mai ɗayar, sai a ga tarkace. A 1987 Microsoft ya fito da RTF don ya zama gada tsakanin manhajoji. RTF na iya ɗauko rubutu mai kauri da mai karkata da girman harafi ya ƙetare da su. Amma harafin da ba shi da lamba, me za a ɗauko?

Sai masu hikima suka nemi mafita. Suka ce, tunda akwai gurabun da Hausa ba ta amfani da su, bari mu ɗinka wata riga ta musamman. A wani polis ɗin, gurbin } aka zana wa siffar ƙ, gurbin ] aka zana wa ɗ, gurbin ~ aka zana wa ɓ. A wani kuma q da x da v aka ara, tunda Hausa ba ta buƙatarsu: q ya fito kamar ƙ, x kamar ɗ, v kamar ɓ. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro polis na Hausa masu suna Rabi'at da Abdalla a shekarun 1990, an kuwa buga littattafai da kundaye masu yawa da su. Masu kimiyyar harshe su ma suna da nasu na ƙungiyar SIL don alamomin furuci. Wallahi sun yi aiki, kuma ba don su ba da rubutun Hausa na shekaru da dama ya fito ba ƙugiya.

Sai dai dabarar na da sharaɗi guda: duk inda fayil ya je, dole rigar ta bi shi. In ya sauka a kwamfutar da ba ta da wannan polis ɗin, sai ta sa mashi wata rigar, asiri ya tonu, a ga }asa ko qasa. Shi ya sa har yau za ku ga maƙalu a intanet cike da xaya da vangare da qungiya. Masu su daidai suka gani a allonsu. Abin da ya samu aikin kawuna ke nan. Ƙugiyar biro a saman takarda take, ƙugiyar wannan zamanin kuma a saman allo. Duka biyun ba su shiga jikin rubutun ba.

Ranar da muka samu lamba

A 1991 aka fitar da Unicode, tsarin da ya ƙudurci ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa shi kaɗai. Namu suna ciki. A ƙidayar da muka saba, ƙ shi ne 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ 599. Ku lura duk sun wuce 255, shi ya sa tsohon tsarin bai iya ɗaukarsu. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobin a fayil, wadda yau ita ce mafi yawan shafukan intanet ke amfani da ita. Word ya fara ajiye rubutu da Unicode daga fitowar 1997.

Amma samun lamba daban, samun riga daban. An yi shekaru polis ɗin da kowa ke amfani da su ba su da zanen ƙugiya, madannai kuma ba su da wurinta, don haka mutane suka ci gaba da tsohuwar dabara. Kawuna a daidai wannan tsakanin aka buga aikinsa. Maganin ya riga ya fito a duniya, bai dai iso ofishin ba.

Ta ɓangaren fayil ma an samu sauyi. Tsarin OpenDocument, wato odt, ya zama ƙa'idar duniya ta ISO a 2006. Microsoft ya kawo docx tare da Word 2007, shi ma ya samu shaidar ISO a 2008. A 2010 LibreOffice ya ɓalle daga OpenOffice, kyauta ake samunsa kuma yana buɗe duka biyun. Waɗannan tsare-tsaren a bayyane suke, kowa na iya karanta ƙa'idarsu. Ku gwada: ku kwafi wani fayil na docx, ku canza ƙarshen sunansa zuwa zip, ku buɗe. Za ku ga ƴan fayiloli a ciki, rubutun a gefe, tsarin shafi a gefe, hotuna a gefe. Ranar da na fara ganin haka na gane cewa juya takarda daga wata manhaja zuwa wata fassara ce, kamar yadda muke yi a aji. Abin da aka faɗa a fili yana ƙetarewa. Abin da aka bari ga ido ya fahimta, a hanya yake zubewa.

Ciwo huɗu, kowane da alamarsa

Daga wannan tarihin na koyi duba fayil kamar yadda malamin asibiti ke duba maras lafiya.

Idan ka ga }asa ko qasa, tsohon polis ne ya ɓace. Rubutun na nan, musanya ake yi.

Idan ka ga Æ™asa, ko É—aya a madadin ɗaya, fayil ɗin UTF-8 ne aka karanta da tsohon tsarin 256. Kada ka ajiye a haka. Rufe shi, ka sake buɗewa ka zaɓi UTF-8.

Idan ka ga akwati, harafin lafiyarsa lau, polis ɗin ne ba shi da zanensa. Ka zaɓi rubutun ka sa mashi Charis SIL ko Doulos SIL ko Andika, sai ya fito. Wannan ne ya same mu a shafi na tara. Da mai shagon ya sani, minti ɗaya ya ishe shi.

Idan kuwa ka ga ?asa, to sai haƙuri. An ajiye fayil ɗin a tsarin da bai san harafin ba, ya jefar da lambar ya sa alamar tambaya. Wannan ba ya dawowa sai mai jin Hausa ya zauna ya bi kalma kalma.

Sannan akwai tsarin shafi, wanda ke ba masu memuwar kuka ana gobe sutnans. Polis biyu ba sa cika zama faɗi ɗaya, don haka in aka musanya, layuka su zame, shafi 80 ya koma 84, jerin abubuwan ciki ya daina dacewa. Takardarmu A4 ce, milimita 210 da 297, amma fayil da yawa suna zuwa da ma'aunin Amurka, wanda ya fi faɗi kaɗan ya kuma fi gajarta. Mu ƴan kimiyyar harshe muna da namu ciwon na daban: misalan da ake jera kalmar Hausa a sama, fassararta a ƙasa daidai ƙafarta. Wanda ya jera su da danna sarari, biro ya sake ɗauka bai sani ba. A allonsa sun daidaita, a na malaminsa kowace kalma ta kama gabanta. Wanda ya sa su cikin tebur, ya kuma yi wa kanun babi alama da salon take maimakon ya ƙara masu girma da hannu, shi ya faɗa wa na'ura abin da yake nufi, kuma zai iske abinsa a duk inda ya buɗe.

Yadda na yi da faifan

Da farko na kwafi komai na ajiye asalin ban taɓa ba. Sannan na zauna da takarda na fitar da jerin musanya, ƙanana da manya, na bi da nema-da-musanya. Fayil tara suka warke a yini guda, har na fara jin kaina.

Na goma shi ya koya mani hankali. Wani mutum ne daban ya buga shi, da tsarin q da x da v, kuma a ciki kawuna ya fassara tatsuniyoyin da Faransanci. Na danna musanya duka. Hausar ta gyaru tsaf, amma quand ya zama ƙuand, vieux ya zama ɓieuɗ. Na kai wa wani malaminmu ina dariyar da ta fi kuka ciwo. Ya duba ya ce: "Ɗalibi, ka ajiye asalin?" Na ce: "Na ajiye, Malam." Ya ce: "To ba ka yi asara ba." Ya nuna mani cewa ko da polis ɗin ya ɓace, sunansa na nan manne da kalmomin Hausar, kuma ana iya ce wa manhaja ta musanya a inda wannan sunan yake kaɗai, ta bar Faransancin. Haka na yi.

Fayil ɗaya ne ya zo da alamomin tambaya, na kirarin maƙera. Can akwai tsofaffin kalmomin da ban taɓa ji ba, ba ni da yadda zan san ko ƙ ne ko ɗ ko ɓ. Na buga shafukan na koma gida, Inna ta haɗa ni da wani tsohon maƙeri a unguwarsu. Ina karantawa ina tsayawa, shi yana cikawa daga ka. Ya ce: "Yaro, da ka ƙara shekara biyu da wa za ka tambaya?" Ban ba shi amsa ba. Kalmomi bakwai shi ma bai gane su ba, suna nan da alamar tambayarsu.

Abin da nake roƙonmu

A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko me mutum yake gani game da wannan, takardun Hausa za su ƙaru, kuma mu ne za mu buga su. Don haka ga abin da muka yarda a kai a ƙungiyarmu, ina kuma fatan na Maraɗi da Tawa da Damagaram za su ɗauka.

A rubuta ƙugiya ta gaskiya. A waya a sa madannin Hausa. A Word, in ba ka da shi, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, ƙ zai fito. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ, 01B4 na ƴ. A duba cewa takardar A4 ce tun kafin a fara. Wurin bugawa PDF ake kaiwa, don shi yana tafiya da polis ɗinsa a ciki, kuma ba a barin kowa ya gyara a can. Amma PDF kaɗai ba ajiya ba ce: wanda aka yi da tsohon polis yana da kyau a ido, in ka kwafo rubutun sai }asa ta sake fitowa. Don haka kowane aiki a ajiye shi kashi uku, docx ko odt don gyara, PDF don bugawa, da tsurar rubutu a UTF-8 don wanda zai buɗe shi bayan shekara talatin da manhajar da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Kafin a miƙa, a buɗe shi a wata na'urar da ba taka ba. Gani ya kori ji.

Tatsuniyoyin kawuna yanzu suna wuri uku, kuma na buga kwafi ɗaya na kai wa Inna. Ba ta karatun boko, amma ta sa jikarta ta karanta mata na farko, ta kuma gyara mata wuri biyu. Labarin ƴar'uwarmu kuwa mun sake buga shi a ƙarshen wannan fitowar. Ku duba, ƙura ce ta tashi.